Sai Da Ɗan Gari: Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Samu Mai Riƙe Masa Hannu Kafin Ya Fita Waje Da Bayan Ya Sauka

Tun da na dawo hutu Kano wayata ba ta huta ba, kuma tambayar kusan ɗaya ce. Ranar Asabar ma a gidan biki a Gwammaja wasu 'yan mata uku da suka gama makarantar nas suka tsare ni a bakin ƙofa, ɗaya ta ce "Anti don Allah wane ejan kika bi kika tafi Ingila?" Na ce mata ni ban bi ejan ba, mutum na bi. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya. Ni nas ce, a nan Kano na yi karatu kuma na yi aiki shekaru kafin na tafi, don haka misalaina za su fi karkata wajen aikin jinya da Ingila, amma likita da ɗan lab da mai haɗa magani da mai ɗaukar hoto kowa zai samu abin ɗauka. Zan riƙa cewa "ke", maza ku ɗauka har da ku.

Mu Kanawa wannan abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Yaro a Kantin Kwari ba ya buɗe shago don kawai ya iya lissafi, sai ya zauna a ƙarƙashin ubangida ya ga yadda ake gane atamfa mai kyau da hannu, wa ake ba bashi wa ba a ba, sannan bayan shekaru a sallame shi da jari. Amma da zarar mun shigo harkar boko sai mu ɗauka satifiket ya wadatar. Wallahi bai wadatar ba, musamman ga wanda zai je ƙasar da ko sunansa ba a iya faɗa daidai.

Mataki na farko: ki san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa

Kada ki nemi kowa tukuna sai kin tsayar da ƙasa ɗaya, domin kowace da hanyarta kuma wanda ya bi ta Saudiyya ba zai iya ɗora ki a hanyar Amurka ba.

In Ingila ce kuma ke nas ce ko unguwarzoma, hukumar NMC ce mai ba da lasisi. Za ki fara da jarrabawar Turanci, IELTS maki 7 amma a rubutu suna karɓar 6.5, ko kuma OET da B a sauraro da karatu da magana, C+ a rubutu. Sai jarrabawar CBT da ake yi a kwamfuta nan Najeriya, sai OSCE wadda sai kin je can, tasha 10 ce ake kallonki kina aiki a aikace. Likita kuma hukumar GMC ce, jarrabawarsu PLAB, PLAB 1 tambaya 180 cikin awa 3, PLAB 2 a Manchester, kuma IELTS ɗinsu 7.5 ne. 'Yan lab da masu hoto da masu gashin ƙashi HCPC ce tasu. Masu haɗa magani tasu ta fi tsawo, sai sun yi kwas ɗin OSPAP na shekara ɗaya a jami'a can sannan shekarar horo.

Saudiyya, wadda ita ce mutanenmu suka fi so saboda addini da kusanci, hukumar SCFHS ce, za a tantance takardunki ta kamfanin DataFlow, ki yi jarrabawar Prometric, rajista kuma a shafinsu na Mumaris Plus. Amurka likita zai yi jarrabawar USMLE ya samu shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ya shiga neman gurbin horo da sakamakonsa ke fita a watan Maris, nas kuma jarrabawar NCLEX.

Na kawo wannan ne don in kin je gaban babba kada ki ɓata lokacinsa da abin da yake rubuce a shafin hukuma. Ki karanta da kanki a shafin nasu na ainihi, ba abin da aka turo a guruf ba.

Mataki na biyu: mutum biyu kike buƙata, ba ɗaya ba

Nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna neman babban farfesa da ya shekara ashirin a Landan, suna ganin shi ne zai buɗe musu ƙofa. Allah ya ƙara masa girma, amma hanyar da ya bi ta daɗe da canzawa. Ki duba kawai, a ranar 11 ga Maris 2024 Ingila ta hana masu bizar kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a Yuli 2025 kuma ta rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. A nan gida ma farkon 2024 hukumar NMCN mai ba nas-nas lasisi a Najeriya ta fito da sabbin ƙa'idojin tantance takardu har da sharaɗin shekara biyu na aiki bayan kammala karatu, har nas-nas suka yi zanga-zanga. Wanda ya tafi tuntuni bai san zafin waɗannan ba. To mutum na farko da kike buƙata shi ne wanda ya riga ki da shekara ɗaya zuwa uku kacal, a irin aikinki, a ƙasar da kike so, wanda har yanzu yana tuna kuɗin da ya kashe da inda ya yi tuntuɓe.

Na biyu kuma a nan gida yake, kuma shi aka fi rainawa. Metiron ɗin, wato babbar nas ɗin da kike aiki a ƙarƙashinta, ko konsoltan ɗin sashenku, a Malam Aminu Kano ne ko Murtala ko Nassarawa ko Dala ko ma ƙaramin asibitin unguwa. Ita za ta rubuta miki takardar shaida, ita za a kira in ana tantancewa, kuma ita kaɗai za ta iya kallon idonki ta ce "'yata hannunki bai nuna ba tukuna, ki ƙara shekara." Ni tawa haka ta ce min, ta mayar da ni ɗakin masu jinya mai tsanani na ƙara wata goma sha biyu, na ji haushi a lokacin har na yi kuka a gida, amma abin da na koya a wannan shekarar shi ya riƙe ni a can. Kuma don Allah kada ki ɓoye mata shirinki sai ranar da kika zo neman sa hannu, manya suna jin zafin wannan sosai, kuma da gaskiyarsu.

Mataki na uku: ina za ki same su

Mafi sauƙi ajin da ke gabanku a makaranta. Ki tambayi guruf ɗin tsofaffin ɗalibai wa ya tafi, ki nemi wanda zai haɗa ku, domin saƙon da ya zo ta hannun wanda aka sani ya fi saurin samun amsa. Sai ƙungiyoyi, NANNM ta nas-nas, NMA ta likitoci, IMAN ta ma'aikatan lafiya Musulmi, a Ingila akwai MANSAG ta likitocin Najeriya, a Amurka ANPA. LinkedIn ma yana aiki in kin gyara shafinki da kyau.

Mataki na huɗu: saƙon farko

Bari in daɗe a nan don ni ce ake turo wa, na san wanda nake amsawa da wanda yake nutsewa. Akwai mai rubuta "Slm" kawai ta yi shiru tana jira. Akwai mai cewa "Anti ki taimaka min in fita" ba ta faɗi ko me ta karanta ba. Akwai mai turo saƙon murya na minti bakwai. Ki tuna wadda kike tura wa ta yi awa goma sha biyu a tsaye, ta dawo ɗaki ƙafarta ta kumbura, tana da saƙon gida guda talatin da ba ta buɗe ba. Ba girman kai ba ne in ba ta amsa ba, gajiya ce.

Ga irin wanda ni ba na iya ƙyalewa:

"Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya sanyi. Sista wance ce ta ba ni lambarki, ajinku ɗaya. Ni nas ce, shekarata biyu da rabi ina aiki a ɗakin yara a nan Kano. Ina shirin Ingila, na karanta ƙa'idojin NMC, na yi IELTS sau ɗaya na samu 6 a rubutu. Tambayata biyu ce, shin in sake IELTS ko in koma OET, kuma yaushe ya dace in nemi tantancewar NMCN. Duk lokacin da kika samu sarari ba gaggawa. Allah ya saka da alheri."

Kin ga gaisuwa ta cika, an san wa ya haɗa, an san inda kika tsaya, tambaya kuma ƙayyadaddiya. Kada ki ce "ki zama uwar ɗakina" a saƙon farko, wannan abu ne da yake ginuwa da kansa. In ta ba ki shawara ki je ki aikata, sannan ki dawo ki faɗa mata abin da ya faru, ko an ci ko an faɗi. Wannan dawowar ita ce take sa mutum ya ɗauke ki da gaske. Ki kuma lura da agogo, lokacin zafinsu mu da Ingila agogonmu ɗaya, lokacin sanyi suna bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya kuma tana gabanmu da awa biyu. Kuma kada ki haɗa neman shawara da neman rance, ɗaya yana kashe ɗaya.

Mataki na biyar: ki raba mai riƙe hannu da dillali

Mai riƙe miki hannu ba ya karɓar kuɗinki, ba ya yi miki alƙawarin biza, kuma wani lokaci zai faɗa miki abin da ba ki so. Dillali kullum labarinsa mai daɗi ne kuma kullum gaggawa yake, "gurbi biyu ya rage, ki turo rabin kuɗin yau."

Ga abin da ya kamata ki sani. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, saboda haka ƙa'idar Ingila ta hana asibitoci da kamfanonin ɗaukar aiki su zo su yi farautar ma'aikata a nan. Amma ke da kanki an yarda ki nemi aikin da aka tallata kai tsaye, kamar a NHS Jobs, shafin tallan ayyukan asibitocin gwamnatinsu. Sannan a dokarsu haramun ne kamfanin samar da aiki ya caji mai neman aiki kuɗin nema masa aikin. To duk wanda ya ce zai sayar miki da takardar ɗaukar nauyi, wadda wurin aiki ke bayarwa don ki samu biza, da miliyoyi, ki san abin da kike shiga. Akwai ɗan uwanmu na nesa da aka sayar da filin gado a wajen gari aka biya irin wannan, ya sauka can ya tarar babu aikin, watanni yana kwana a falon wani bawan Allah yana jin kunyar kiran gida. Har yau in na tuna muryar mahaifiyarsa a waya sai jikina ya yi sanyi.

Haka batun jarrabawa. A 2023 hukumar NMC ta gano maguɗi a wata cibiyar CBT a Ibadan, aka soke sakamakon waɗanda suka yi a wurin, har waɗanda suka riga suka fara aiki a Ingila abin ya taɓa su. Kada ki bari kowa ya zauna miki jarrabawa, kada ki ba kowa lambar sirrin shafinki.

Mataki na shida: takardu, tun yanzu

Wannan matsalar tamu ce ta musamman. A WAEC Aisha, a difloma Aishatu, a fasfo A'isha. Sunan uba Muhammad a nan, Mohammed a can. Ranar haihuwa a NIN daban da ta satifiket. A gida ba wanda ya damu, amma DataFlow da sauran masu tantancewa za su koma har makarantarki da wurin aikinki su tambaya, harafi ɗaya yana iya tsayar da ke watanni. Ki zube duk takardunki a tabarma ki jera su ki duba harafi-harafi, abin da ke buƙatar rantsuwar kotu ki yi, wanda ke buƙatar gyara a hukuma ki fara bi tun yanzu. In kin yi aure kin canza suna ki ajiye shaidar hakan. Lasisinki na gida kada ya mutu, kuma likita ya tabbata hausmanship, wato shekarar horo a asibiti bayan gama karatu, da NYSC da takardar kyakkyawan hali ta MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, duk suna hannu.

In aiki ya samu, kada ki sa hannu a kwantiragi sai wadda ta riga ki ta karanta. Ki duba nawa za ki biya in kin bar aikin kafin wa'adi, wata nawa za su ba ki masauki, wa zai biya kuɗin OSCE da tikiti. Na Saudiyya ki tambayi sunan garin takamaimai, domin ba kowane aiki ne a Makka ko Madina ko Jidda ba, wani ƙauye ne mai nisan gaske, sannan ki tambayi hutun shekara da ko kwantiragin ya yarda ki kawo iyali.

Mataki na bakwai: bayan kin sauka, ki nemi ta uku

Ranar da na fara tsayawa wajen miƙa aiki da safe, nas ɗin dare ta yi bayanin marasa lafiya takwas cikin 'yan mintuna da irin harshen garin, ni da na ci IELTS ban kama ko rabi ba, kuma da ta ce "kin gane?" na ce eh. Wata nas 'yar Filifin da ta shekara da yawa a wurin ta lura, ta ja ni ɗakin magani ta ce min a nan in ba ki gane ba kika ce kin gane, shi ne laifin, tambaya ba laifi ba ce. Ta yago takarda ta rubuta min tsarin SBAR da suke bi wajen ba da rahoto, ta nuna min yadda ake lissafa makin NEWS2 na auna tsananin halin mara lafiya da lokacin da dole a kira likita. Takardar nan tana cikin jakata har yau. Ba Bahaushiya ba ce, ba Musulma ba ce, amma ita ce ɗan garin da na ci gari da ita. Kada ki ce sai ɗan Najeriya.

Akwai abubuwan da tarbiyyarmu ta koya mana da can ake fassara su daban. Sunkuyar da kai gaban babba a wajenmu ladabi ne, su suna iya ɗauka ba ki da tabbas ko kina ɓoye wani abu. Konsoltan zai ce ki kira shi da sunansa tsirara, bakinki zai yi nauyi. In likita ya rubuta magani kika ga kuskure, ana jiran ki faɗa ne, shirun ne zai ja miki. Sannan abin da ya fi ciwo, ke da kika saba sa allurar ruwa a jijiyar jariri da fitilar waya in an ɗauke wuta, za a ce ba za ki taɓa ba sai an horar da ke an sa miki hannu, kuma kafin lambar rajistarki ta fito a matsayin mataimakiya za ki yi aiki. Ki haɗiye, ki roƙi wadda take kula da horonki ta jera miki abubuwan da ake buƙatar sa hannu, ki riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar salla ki yi ta da shugabar ɗakinku a makon farko, a fili, ba sai an gan ki kin ɓace ba. A watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk za su same ki a bakin aiki, in kin tsara hutunki da su tun farko ba matsala, yawancin asibitoci ma suna da ɗakin ibada. Hijabi an yarda da shi, amma akwai ƙa'idar barin hannu a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa saboda tsafta, ki tambayi wata Musulma da ta daɗe a wurin yadda take yi.

Ki shiga ƙungiyar ƙwadago tun watan farko, RCN ko UNISON ga nas, BMA ga likita, domin in matsala ta riga ta faru kafin ki shiga ba lallai su tsaya miki ba. In wani ya wulaƙanta ki saboda launi ko lafazi, kuma yana faruwa, ni ma wani mara lafiya ya taɓa cewa ba ya so in taɓa shi, ki rubuta rana da lokaci da wanda yake wurin, ki kai wa wadda kika amince da ita ku shawarta matakin gaba. Kada ki tafi da shi ɗaki ke kaɗai, duhun hunturu da kewar gida sun isa kaya.

Sai batun gida. Albashin in an juya shi naira yana da girma a kunne, amma bayan haraji da haya da kuɗin ɗumama ɗaki abin da ya rage ba haka yake ba. Wadda ta riga ni ta ce in yanke abin da zan riƙa turawa duk wata, in faɗa wa Hajiya da Baba adadin da bakina, in tsaya a kai. Da ban ji wannan ba da na kashe kaina da ƙarin diyuti.

Waɗanda suka dawo ma baƙi ne

Kada in manta da 'yan uwanmu da suka yi karatu a Sudan da Masar da Indiya da Yukren, musamman waɗanda yaƙin Sudan na Afrilu 2023 ya koro. Likitan da ya karanta a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya samu lasisi, kuma zai tarar cututtukan da suka cika gadajenmu, maleriya mai tsanani, sikila, jijjigar masu ciki, tamowa, ba lallai su ne ya fi gani a inda ya yi karatu ba. Duk matakan nan nasa ne, ya nemi wanda ya ci jarrabawar bara, ya nemi babba a asibitin koyarwa da zai bari ya riƙa bin zagayen duba marasa lafiya. Ku kuma da kuke ciki, don Allah ku daina yi musu dariya in sun yi tambaya.

'Yan matan nan uku na gidan biki, na ce musu ba zan iya ɗaukar duka ba don ba na son in yi alƙawarin da zan kasa, biyu na haɗa su da ƙawayena, ɗaya a Riyad ɗaya a Birmingham. Ta ukun na riƙe. Na ce ta je ta sanar da metiron ɗinta shirinta wannan makon, sannan ranar Laraba bayan La'asar ta zo gidanmu da duk takardunta a fayil ɗaya, mu jera su mu duba sunayen kafin in koma ƙarshen wata.